Sifirin da Ba a Rubuta Ba

Akwai wani allon katako mai nauyi a shagona, an zana gauraka a jikinsa da ruwan zinariya. Da shi nake tokare ƙofa in iska ta taso. Duk wadda ta kawo ɗinki sai ta ce, "Haba Tela, abu mai kyau haka kika yasar a ƙasa?" Nakan ce ta ɗaga hannu in auna ta, ai ba surutu ya kawo ta ba. Allon na Yayata ne. Shi aka ba ta ranar da ta ajiye aiki, bayan shekara talatin da huɗu tana yawon duniya a kan tsuntsaye da tabkuna. Da bakinta ta ce in yi duk abin da na ga dama da shi.

Mu biyu Baba ya haifa, ita ce babba, ta ba ni shekara shida. Mama ta rasu ina aji uku, saboda haka Baba ne ya ƙarasa renonmu, da girkinsa mai ƙauri da kitsonsa da ba ya kwana biyu. Ƙaramin ma'aikacin gandun daji ne, shi ke gadin tabkin da ke bayan garinmu. Aikinsa ya kori masu ɗana tarko, ya hana ƙona ciyawar bakin ruwa, sannan sau ɗaya a shekara ya ƙirga gauraki. Kun dai san gauraka, dogon tsuntsun nan mai tukku kamar an dasa masa tsintsiya a ka. A wancan lokacin, in suka tashi da safe, kukansu har cikin ajinmu, malami sai ya dakata su wuce.

Ga yadda ƙirgar take, don a kanta komai ya rataya. Akwai turaku bakwai na siminti a kewayen tabkin, kowanne da lambarsa. Ranar Asabar ta biyu a watan farko na shekara, Baba zai fita tun hantsi bai yi ba, ya tsaya a kowane turke minti ashirin cif, madubin hangen nesa a ido, ya ƙirga abin da ya gani. Takardar layi bakwai ce, turke ɗaya layi ɗaya. In ya cike sai a aika wa wata babbar ƙungiya ta ƙasashen duniya da ke tara irin waɗannan takardu daga tabkuna ko'ina. Mu dai Ƙungiya kawai muke ce mata a gida. Dokar aikin ɗaya ce, kuma Baba ya maimaita ta har ni da ba ruwana na haddace: in ka je turke ba ka ga tsuntsu ba, ka rubuta sifiri. In ba ka je ba, ka bar layin fayau. Sifiri yana nufin an je an duba babu. Layi fayau yana nufin ba wanda ya sani.

Yaya tana shekara tara ta fara binsa. Ni sau ɗaya na bi su, sauro ya yi min kaca-kaca, takalmina ɗaya ya maƙale a laka, na rantse ni da tabki sai dai a hoto. Ita kuwa kamar an haife ta a cikin ruwan. Doguwa ce, ƙafafu kamar sillen kara, gashinta kullum a tsaye saboda kitson Baba, shi ya sa 'yan unguwa suka sa mata Gauraka. Ba ta taɓa jin haushi ba, amsawa ma take yi. Shekarar da Baba ya fara ba ta biro ta rubuta da hannunta, jimillar ta kama dubu ɗaya da ɗari ɗaya da arba'in. Ta zo tana faɗa min ina wanke-wanke, na ce to sai ki dafa su mu ci.

Karatu kam Allah ya ba ta. Daga makarantar garinmu sai jami'a, daga jami'a sai ƙasar waje, ta dawo ana ce mata Dakta, kuma a kan tabkinmu ta rubuta littafin da ya sa aka ba ta sunan. Ƙungiya ta ɗauke ta a matsayin ƙaramar ma'aikaciya. Shekarunta na farko duk a cikin kwalekwale ta yi su, a ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba, tana ƙirga tsuntsayen wasu. Sau biyu aka kwantar da ita da zazzaɓin da ya kusa tafiya da ita. Ta yi aure, ya yi shekara uku. Mijin mutumin kirki ne wallahi, ranar da zai tafi ya ce min, "Ƙanwata, ni akwati na aura, kullum a bakin ƙofa." Ba su haihu ba. Ban taɓa jin ta yi zancen ba, ni kuma ban tambaya ba.

Daga nan sai hawa. Shugabar ofishin ƙasa, shugabar yanki, har ta kai ita ce kan sashen tabkuna da fadamu na Ƙungiya gaba ɗaya, tabki ɗari tara da 'yan kai a ƙarƙashinta. Ta zauna da ministoci, ta hana a haƙa wani rafi a wata ƙasa, ta sa an mayar wa masunta wata fadama a wata. Ita ta rubuta ɗan littafin dokokin ƙirga da aka fassara harshe goma sha ɗaya, kuma shafin farko dokar Baba ce, ba ƙari ba ragi. Ta ƙara ɗaya tata: layin da aka bari fayau, ba mai cike shi daga baya, ko shi wane ne. Akwai wani ma'aikacinta, uban yara biyar, da ya zauna a ofis ya cike layukan da mutanensa suka bari. Ta kore shi. Ya yi kuka, ya turo manya, ya turo matarsa, Yaya ko gezau. Da ta ba ni labari na ce, "Ke dai ba ki da imani." Ta ce in aka bari mutum ɗaya ya yi, duk takardun duniya sun zama shara.

Duk taron da za ta yi jawabi, hoton farko da take haskawa a bango guda ne: Baba a turke na huɗu, hularsa a karkace, gauraki a bayansa har inda ido ya ƙare. Sai ta ce, "Wannan mahaifina ne, wannan tabkinmu ne, a nan na koyi aikina." Takan turo min bidiyon a waya. Baba zai zo shago ya zauna a benci cikin ƙyallaye, ya sa in kunna masa, in sake kunnawa, har cajin wayar ya ƙare ina tsaki. Ba ya jin harshen da take magana da shi. Wurin da aka tafa kawai yake jira.

To ana nan sai ga kamfanin rake. Suka buɗe gona a can sama, a bakin kogin da ke shayar da tabkin, aka ba su izinin jan ruwa. Gaskiya ɗaya, mutane sun samu aiki, ni kaina na ɗinka wa ma'aikatansu riguna. Amma tabkin ya fara ja da baya. Turke na ɗaya da a da sai an naɗe wando kafin a kai gare shi, ya koma tsaye cikin busasshiyar laka mai tsattsagewa. A shekarun nan ne hannun Baba ya fara rawa. Ya riga ya yi ritaya, amma ƙirga ba wanda ya karɓe ta daga hannunsa, ba kuma wanda ya nema. Sai rubutun ya dawo kaina. Zai dawo daga tabki, ya zauna a bencin nan, ni in ɗora takardar a kan keken ɗinki in riƙa tambaya.

"Turke na ɗaya?"

"Tsallake."

"Na biyu?"

"Saba'in da shida."

Haka na tsallake. Shekara ta zagayo, ya ce in tsallake na ɗaya da na biyu. Nan na ajiye biro na ce, "Baba, ba sifiri ake sawa ba? Kai fa ka koya mana."

Ya daɗe yana murza igiyar madubinsa. Sannan ya ce, "Auta, yarinyar nan tana can tana nuna wa duniya tabkinmu. In muka aika mata da sifiri, da wane ido za ta kalli mutane? Shugabar tabkuna, tabkin gidansu ya mutu? Bari ruwa ya dawo. Ai ba ƙarya muka yi ba, shiru muka yi."

Ni kuma na yarda. Ba zan ɗora wa tsoho shi kaɗai ba. Ina da kayan mutane a kan keke, mai kayan tana tsaye a kaina, kuma maganarsa ta yi min daɗi a kunne. Na ce a raina, layi ɗaya ko biyu a cikin tabki ɗari tara, wa zai kula? Sakarci ne, na sani, kuma har in mutu ba zan daina cizon yatsa ba.

Ruwa bai dawo ba. Layi biyu ya zama huɗu, huɗu ya zama shida. Shekara goma sha biyu muna haka. Abin da ba mu sani ba, ni da Baba, shi ne yadda kwamfutar Ƙungiya ke yi da layi fayau. Ita a wurinta ba a je turken ba ne, sai ta duba abin da aka samu a turakun da aka je, ta ƙiyasta wa sauran kwatankwacinsa. Gaurakin da suka rage kuwa duk sun taru a turke na bakwai, wajen bakin kogi, inda ɗan ruwa ya saura. In Baba ya ƙirga sittin a can, kwamfuta ta ba kowane turke sittin, rahoto ya fito da ɗari huɗu da ashirin. Rahoton nan kuma Yaya ke sa masa hannu kowace shekara, tare da na sauran tabkunan duniya.

Za ku ce ita ba ta da ido ne? Ni ma na faɗa mata haka, kuma ban janye ba. Takan zo gida kwana biyu a shekara, kullum da damina, lokacin da ciyawa ta rufe asirin komai. Waya ɗaya a kunne, ɗaya a cinya. In ta ce a je tabki, Baba ya sa direba ya bi ta hanyar turke na bakwai, ta ga 'yan tsuntsaye, ta ɗauki hoto, ta duba agogo. Duk Lahadi kuwa sai ta kira.

"Baba, ya mutanenka?"

"Suna gaishe ki."

Ta yi dariya, ya yi dariya, ni ina gefe ina datse zare da haƙori.

Asiri ya tonu ne da kamfanin ya nemi a ninka masa ruwan, ya kuma gina madatsa a kogin. In aka yi haka, ko ɗan ruwan turke na bakwai ba zai saura ba. Masuntan da suka rage suka kai ƙara hukumar ruwa, aka sa ranar zama, suka rubuta wa Ƙungiya suna neman taimako. Yaya ta kira ni cike da zumuɗi. Ta ce da kanta za ta zo, wannan faɗan mai sauƙi ne, tabkin da ke da lissafin sama da shekara hamsin ba mai taɓa shi, za ta nuna musu baƙi da fari yadda tsuntsaye suka ragu tun da aka fara jan ruwa. Na ce Allah ya kawo ki lafiya. Na ajiye waya ina tuna layukan da na tsallake.

Da rani ta zo, karon farko cikin shekara goma sha biyu. Daga filin jirgi ta ce wa direba ya bi ta turke na ɗaya. Ina cikin yanka wani yadi na ga ta shigo, takalminta na ofis ya yi futu-futu da ƙura. Ko gaisuwa babu.

"Auta, ina kwafin takardun Baba?"

Na jawo gwangwanin biskit da nake ajiye su a ƙarƙashin keke. A tsaye ta duba su, ɗaya bayan ɗaya, tana lasar yatsa tana juyawa. Ta kai ƙarshe ta dawo farko.

"Rubutun wa ne wannan?"

"Nawa."

"Ba a je turakun nan ba ne?"

"An je. Kowace shekara an je."

Yayata, wadda ministoci ke miƙe wa tsaye, ta sulale ta zauna a ƙasa cikin ƙyallaye da zare. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi ma da ya fi min sauƙi.

Baba yana tsakar gida a kujerarsa muka same shi. Idonsa ya riga ya yi yana a lokacin, shekara biyu ke nan, da murya yake gane mu. Na zaci za ta yi faɗa, don in Yaya ta fusata ko ni ba na tsayawa. Sai ta durƙusa a gabansa ta ce, "Baba, me ya sa?"

Ya lalubi kanta ya dafa. Ya ce, "Don ke na yi, uwata."

Ta tashi ta shige ɗakin Mama ta rufe ƙofa.

Washegari na same ta da shawarar da har yau nake ganin ita ce daidai. Na ce, "Yaya, ji nan. Asalin takardun suna ma'ajiyar ofishinki, ke ce shugaba, in kin ce a kawo za a kawo. Rubutuna ne. Biron ma irinsa nake saye har gobe. Ba ni su in zauna in zuba sifiri a kowane layi, kafin shayinki ya huce na gama. Ba ƙarya ba ce fa! An je, an duba, babu. Gaskiyar da ya kamata a rubuta tun farko za mu rubuta."

Ta ce, "Ba a cike layi daga baya."

"Wa ya ce?"

"Ni na ce."

"To ke ki warware mana!"

Ta ce mutumin da ta kora fa? Shi ma rantsuwa ya yi cewa abin da ya cike gaskiya ne. Ta ce in ta yi wannan, ranar da aka gano, duk wani kamfani a duniya zai ɗaga takardun Ƙungiya ya ce ƙirƙira ce, tabki ɗari tara za su biya bashin namu. Nan fa na hau. Na ce mata dokarta ta ci ƙaniyarta. Na ce kin bar miji, kin bar gida, kin bar min tsoho ina wanka ina ciyarwa, duk a kan tabkin nan, yanzu an zo a cece shi da ɗigon tawada kin tsaya kina min wa'azi? Na faɗi maganganun da ba a faɗa wa yaya. Ta bari na gama tas, sannan ta ce, "Za mu faɗi gaskiya a gabansu. Baba zai ba da shaida."

An yi zaman a hawa na biyu na ginin hukumar ruwa. Ɗaki ne mai kujerun roba da fanka ɗaya da ke ƙara kamar za ta faɗo. Mutum biyar na kwamiti a dogon tebur, kowa da gorar ruwa a gabansa, masunta a baya sun sa kayansu mafi kyau. Lauyan kamfanin ba mugu ba ne a fuska, wani mai sanyin murya, har kujera ya jawo wa Baba. Ya tashi ya ɗora rahotanni goma sha biyu a tebur, ya jera su kamar mai tallan littafi.

"Dakta, wannan sa hannunki ne?"

"Nawa ne."

"Duka sha biyun?"

"Duka."

"Rahotannin Ƙungiyarki sun ce shekara goma sha biyu muna jan ruwa, gauraki suna nan wajen ɗari huɗu, ba su ragu ba. Haka ne?"

Yaya ta miƙe ta yi bayani tiryan-tiryan, ba ta ɓoye komai ba. Ta ce rahotannin kuskure ne, kuma kuskurenta ne. Ta faɗi yadda aka bar layuka, da abin da kwamfuta ta yi da su. Lauya ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai. Sannan ya zaro ɗan littafinta daga aljihu, ya buɗe shafin farko, ya karanta wa kwamiti da ƙarfi cewa layi fayau yana nufin ba wanda ya sani, kuma ba mai cike shi daga baya, ko shi wane ne. Ya tambaye ta wa ya rubuta. Ta ce ita ce.

Aka kira Baba. Ni na riƙo hannunsa na kai shi. Ya sa tsohuwar rigarsa ta aiki da na rage masa, madubin a wuya, wai don su san shi wane ne. Ya ce ya je kowane turke, kowace shekara, bai taɓa fashi ba. Shugaban kwamiti ya tambaye shi me ya gani a turke na ɗaya zuwa na shida. Baba ya juya fuskarsa wajen da ya ji muryar Yaya. Ya ce, "Babu. Ko ɗaya babu." Shekara goma sha biyu yana riƙe da kalmar nan, sai a gaban baƙi ta fito.

Lauya ya matso kusa da shi, ya rage murya kamar mai gaida surukinsa.

"Baba, a yi haƙuri. Mutum nawa ne zaune a layin baya na ɗakin nan?"

Baba ya ɗaga kai. Ya ƙanƙance ido. Ya ɗaga madubin ma, Allah sarki, ya kara a fuska. Ya ce, "Huɗu."

Su tara ne.

Lauya ya ce ba shi da sauran tambaya. Ni kuwa na miƙe na ce ƙarya yake, Allah ya isa, idon nan shekara biyu kacal da lalacewa, kafin nan Baba yana hango tsuntsu tun yana ɗigo a sama, a tambayi kowa a garin nan! Shugaban kwamiti ya buga tebur, na ƙara ɗaga murya, aka sa mai gadi ya fitar da ni. A matakala na zauna na yi kukan da Yaya ta ƙi yi.

Bayan mako uku takarda ta fito. Kwamiti ya ce ba zai iya ajiye rubutaccen rahoton shekara goma sha biyu ya ɗauki maganar baki ba. Ya ce raguwar ruwa na iya zama daga ƙarancin damina. Aka ba kamfani izini, aka fara madatsa kafin ruwan farko ya sauka.

Ƙungiya ba ta kore ta ba, su ba sa kora irin wannan. Sun janye rahotannin, sun gyara kwamfutarsu, sun kafa kwamitin bincike, sannan wani babba ya gayyace ta cin abinci ya tambaye ta ko ba ta tunanin hutawa. Aka yi mata taron ban-kwana a wani otal, aka jera tabkunan da ta ceta a ƙasashe goma sha wani abu, aka tafa, aka miƙa mata allon nan. Ta ce min wanda ya yi jawabi har hoton Baba a turke na huɗu ya haska, don ba wanda ya gaya masa abin da ya faru da tabkin. Ta dawo gida da akwati biyu. Shekara talatin da huɗu, akwati biyu, ɗaya ma duk takardu ne. Ta tare a ɗakin Mama. Takan taya ni sa maɓalli, kuma ba ta iya ba, sai na bi na warware.

Baba bai san an yi madatsar ba. Mun ce masa ana nan ana shari'a. Bayan zaman nan ya rage magana, ya rage ci, sai dai kullum a kawo shi shago ya zauna a bencinsa. Bai sake cewa in kunna masa bidiyo ba.

Da Asabar ta biyu ta watan farko ta zo, na fito da safe na tarar da Yaya a tsakar gida da madubin Baba a wuya da sabuwar takarda a hannu. Ta ce ƙirga ba ta tsayawa don an sha kaye, ko ba komai a samu sifiri na gaskiya a rubuce, wata rana wani zai buƙace shi. Na ce jira ni in sa takalmi. Karo na biyu ke nan a rayuwata da na je, kuma wannan karon ba laka da za ta riƙe min takalmi.

Turke na ɗaya da na biyu suna cikin shingen kamfani yanzu, rake ya fi mu tsawo ta kowane gefe. Mai gadin ya san Yaya, ya buɗe mana yana sunkuyar da kai. Ta tsaya minti ashirin cif a kowanne, tana duba agogo, madubi a ido, tana kallon ganyen rake. A na huɗu, inda aka ɗauki hoton, wasu sun fara buga bulo. Na ce mu wuce mana, me za ki gani a nan? Ta ce saura minti goma sha ɗaya. Ba ta rubuta komai a hanya ba, ta ce in mun koma ni zan rubuta, yadda aka saba. A na bakwai muka tarar da ɗan kududdufi da bai fi tsakar gidanmu ba, kore shar, da balbela biyu a bakinsa. Ta yi minti ashirin ɗinta. Ta ƙara goma da ba ya cikin doka.

Rana ta take muka dawo shago. Baba na benci, maƙwabciya ta kawo shi. Yana jin takunmu ya ɗago.

"Kun je?"

"Mun je, Baba."

"Duka bakwai?"

"Duka bakwai."

Ya gyara zama, ya juyo da fararen idanun nan wajenta. "Ya mutanena?"

Yaya ta matso kusa da shi. Ta ce, "Suna gaishe ka."

Ya yi murmushi, irin wanda rabona da gani tun kafin zaman. Ya ce, "To madalla. Auta, ɗauko biro, a rubuta tun ba a manta ba."

Na ture yadin da ke kan keke, na shimfiɗa takardar, na cire murfin biro. Baba ya karkato kunne yana jira ya ji lamba. Na kalli Yaya.

"Turke na ɗaya?"

Ta kalli Baba. Ta kalli takardar.

Ta ce, "Tsallake."

Har na bakwai na tambaya, ɗaya bayan ɗaya, kuma amsar ba ta canja ba. Na ninke takardar na sa a gwangwanin biskit tare da sauran.